Daga Teburin Mai Shayi Zuwa Tukubar Mai Tsire: Cin Abincin Waje a Arewacin Zamfara

Duk wanda ya taɓa sauka tashar mota a Ƙauran Namoda da sanyin safiya ya san hanci kan riga ido shiga gari. Kafin ka gama sauke kaya, ƙamshin ƙosai ya tare ka ta nan, hayaƙin murhun mai waina ya biyo ta can, ga mai shayi yana ɗaga kofi sama yana tsiyaya wa wani don ya huce. Direbobin Shinkafi da na Zurmi suna kan benci suna karyawa, kwandasta na kiran fasinja da loma a baki. A irin wannan wuri dubban mutane ke cika cikinsu kullum, daga tukunyar da ba su ga lokacin da aka ɗora ta ba. Wannan amana da ke tsakanin mai ci da mai dafawa ita ce abin da ya kamata mu tsaya mu duba.

A da can, abin kunya ne a ga magidanci zaune a kasuwa yana cin tuwon saye. Nan da nan za a fara raɗa: ko uwargida ta yi yaji, ko kuwa ya koma gwauro. Baƙo kuma ba ya neman inda zai sayi abinci, domin akushi kan fito masa daga gidan da ya sauka, ɗan kasuwa kuwa fatomansa ne ke ciyar da shi. Abincin sayarwa na fatake ne da 'yan koli da masu cin rani, sai fura da ƙosai da 'yan mata ke talla gida gida.

Tafiye-tafiye ne suka sauya wannan al'ada. A shekarar 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya zo ya tsaya a Ƙauran Namoda, garin ya zama ƙarshen layi, inda ake lodin gyaɗa da auduga da fatu. Leburori da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga kudu suka cika gari, mafi yawansu ba su da iyali a kusa, ciki kuwa ba ya jira. Gyaɗar nan da ake lodi ita ce ke ba mata mai da ƙuli-ƙuli, ƙuli-ƙulin kuma shi ne ƙashin bayan yajin tsire. A 1983 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin, ɗalibai suka zo daga sassan Najeriya, aka sami masu sayar da shinkafa da miya, taliya, doya da ƙwai, har da sakwara. Da aka ƙirƙiri jihar Zamfara a 1996, ma'aikatan gwamnati masu kai da kawowa tsakanin Gusau da ƙananan hukumomi suka ƙaru. A Shinkafi kuwa kasuwar Alhamis ce uwa: masu shanu da hatsi daga Isa da Sabon Birni da Jamhuriyar Nijar, da masu saye daga Kano da kudu, kowa sai ya ci kafin ya koma. Zurmi tana kan hanyar Jibiya da Katsina, ita ma matafiya ne ke raya murhun masu abincinta.

A manyan birane irin su Legas da Abuja, idan aka tashi daga aiki mutane da dama kan nufi mashaya ko wurin shaƙatawa, a ci a sha a yi hira. A nan ba haka abin yake ba. Tun da dokar shari'ar Musulunci ta fara aiki a Zamfara cikin Janairun 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, aka haramta sayar da barasa a jihar. Amma bukatar ɗan Adam ta ya zauna da 'yan uwansa bayan wahalar yini tana nan, kuma teburin mai shayi da tukubar mai tsire su suka daɗe suna biyan ta.

Je ka zauna a teburin mai shayi bayan sallar isha'i ka gani. Gwangwanayen madara an jera su kamar ginin bulo, ga Lipton da Bournvita, ga kiret ɗin ƙwai, ga katan ɗin Indomie, burodi na cikin leda, butar ruwan zafi na huci a kan gawayi. Mai kuɗi ya ce a haɗa masa mai kauri, wanda aljihunsa ya yi sanyi ya ce a ba shi ruwan bunu, dukkansu a benci guda. Rediyo na ba da labaran duniya, ana gardamar ƙwallo da siyasa da farashin taki. Wani dattijo ya iso, mai shayi ya miƙe: "Baba, sannu da isowa, mi za a haɗa maka?" Ya ce, "Irin na jiya, ɗana, ka rubuta." A ƙarƙashin tebur akwai wani ɗan littafi da ya sha maiƙo, a cikinsa sunayen rabin unguwa suke. Littafin nan shaida ne cewa sana'ar ba ciniki kaɗai ba ce, akwai rufin asiri a ciki.

Shekarun nan sun gwada masu wannan sana'a gwaji mai tsanani. A shekarar 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Mai tuwon da Alhamis ɗin Shinkafi ke ciyar da 'ya'yanta mako guda ta wayi gari ba mai saye. A farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya sa har mai ƙosai sai da ta koyi karɓar kuɗi ta waya. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi. A gefe guda kuma matan da aka raba da ƙauyukansu, da yawa zawarawa masu marayu, sun shigo gari, abin da suka iya farawa da ɗan jari shi ne suyar awara da ɗanwake da dafa-duka a bakin titi. Masu sayarwa sun ƙaru, riba ta ragu. A irin wannan hali ne ake samun jarabar a ɗumama miyar jiya a haɗa da ta yau, a maimaita man suya har ya yi baƙi, a yi tsimin ruwan wanke-wanke tunda shi ma daga 'yan garuwa ake saye.

A nan hatsarin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga ciki na mutuwa, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar su ne kusan kashi ɗaya bisa uku na mamatan. Amai da gudawa da zazzaɓin taifot duk ta baki suke shiga, ta ruwa ko abincin da ƙazantar bayan gida ta taɓa, ko dai ta hannu ko ta ƙafar ƙuda. Annobar kwalara ta 2021 ta kama mutum fiye da dubu 100 a Najeriya, kuma Zamfara na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. A yankin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara a 2024 ta tarar da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa, wato Shinkafi da Zurmi, gudawar kwana biyu kan iya kai yaro kabari.

Ni ma na taɓa ɗanɗanawa. Wata rana da la'asar a wata tasha na sayi shinkafa da wake daga cikin kula. Da na sa hannu na ji ta ba zafi ba sanyi, zuciyata ta ce in bari, yunwa ta ce in ci. Na bi ta yunwa. Kafin mu kai rabin hanya na tsayar da direba sau uku, a dajin da ba wanda ke son tsayawa. Daga baya wani ma'aikacin lafiya ya fahimtar da ni cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci mai ɗumi-ɗumi, tsakanin maki 5 da 60 na ma'aunin zafi, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye haka ba. Shinkafa na daga cikin masu saurin lalacewa, tun ma ba a zafin bazararmu ba.

Saboda haka abu na farko da mai saye zai nema shi ne zafi. Ƙosan da aka tsamo a gabanka da wainar da aka ɗauke daga tanda yanzu sun fi aminci a kan kyakkyawan abincin da ya yini a buɗe. Na biyu, ka dubi ruwa. Idan roba guda ce ake tsoma kwanuka tun safe har ruwan ya koma kamar kunu, ka san abin da zai biyo cokalinka. Kwanon wanke hannu na taron dangi, wanda kowa ke tsoma hannu a ciki, ya fi ƙara datti a kan ya rage. Buta da sabulu sun fi, a zuba maka ka wanke. Ka lura da hannun mai zubawa: wanda ke karɓar kuɗi da shi ne yake yankan nama? Ɗanyen kabeji da latas da tumatir da ake barbaɗawa a kan abinci ba su ga wuta ba, lafiyarsu tana ga ruwan da aka wanke su. Haka ƙanƙarar da ake jefawa cikin fura da zoɓo: sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta yake yi.

A wurin mai nama, ka sa a mayar maka da tsire ko balangu kan wuta ya yi zafi har ciki. Naman da araharsa ta wuce hankali abin tambaya ne, domin araha ba ta ado. Ka ƙi a naɗe maka a takardar siminti ko tsohuwar jarida, kuma in da hali ka zo da kwanonka maimakon a ƙulla maka koko ko miya mai zafi a leda.

Dattawa na tuna zamanin dubagari, lokacin da ganinsa kaɗai kan sa a share gida a rufe randa. Har yau akwai ma'aikatan tsaftar muhalli a ƙananan hukumomi, kuma hakkinsu ne su duba mahauta da rumfunan abinci, hakkin hukuma ne ta kai ruwa da makewayi kasuwanni da tashoshi. Amma dubagarin da ke zuwa kullum shi ne mai saye. Idan mutane suka koma rumfar da ke rufe abinci da ajiye sabulu, maƙwabciyarta za ta sayi sabulu ba tare da an ci ta tara ba.

Shi ma mai ci akwai nasa nauyin. Ya biya bashin da ke cikin littafin nan, domin jarin mai shayi bai kai ya ɗauki rabin unguwa har abada ba. Ya yi gyara cikin mutunci: "Inna, da an rufe miyar nan saboda ƙuda" ta fi tsawa a gaban jama'a tasiri. Ya kame bakinsa da idonsa ga 'yan matan da ke taya iyayensu sayarwa, 'ya'yan wasu ne kamar nasa. Almajirin da ke tsaye da roba yana jiran saura kuma, in za ka ba shi, ka sa a zuba masa nasa mai zafi, kada ka miƙa masa abin da ka jagwalgwala.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma direba da ɗalibi da ɗan kasuwa ba za su daina cin abincin waje ba. Gobe da safe, idan ka isa gaban mai abinci, kafin ka tambayi nawa ne kwano, leƙa robar wanke-wankenta tukuna.