Chatsworth: Yadda Haraji Ya Mayar da Masu Sarautar Ingila 'Yan Kasuwa

Andrew Cavendish bai taso da sa ran sarauta ba. Yayansa William ne magaji, sai aka kashe shi a fagen daga a Beljiyam a 1944. Da mahaifinsu ya rasu a 1950, Andrew ya zama Duke na Devonshire na 11, ya haɗa da sarautun Marquess na Hartington da Earl na Burlington. Sai dai sarautar ta zo masa da harajin gado na kashi 80 cikin 100, wajen fam miliyan 7.

Tun kafin harajin nan, ƙafar gidajen masu sarautar Ingila ta fara rawa. Daga shekarun 1870 alkamar Amurka mai araha ta karya farashin amfanin gona, kuɗin hayar gonaki ya faɗi. A 1894 aka kafa harajin gado, yaƙin duniya biyu suka yi ta ɗaga shi, suka kuma cinye magada. Gidaje masu yawa rushe su aka yi.

Andrew ya ƙi barin Chatsworth, babban gidan iyalinsu, ya bi sahu. Ya sayar da dubban kadada, ya miƙa wa gwamnati gidan Hardwick Hall da zanen Rembrandt a madadin kuɗi. Matarsa Deborah ta buɗe kanti a 1977 tana sayar da naman gonarsu, abin da kakanni za su ɗauka faɗuwar girma. A 1981 aka damƙa gidan Chatsworth ga wata gidauniya, iyalin suka koma biyan hayar ɗakunan da suke kwana, yayin da masu yawon buɗe ido ke yankar tikiti suna zaga zaurukan. Wannan dabara ta cancanci yabo, domin ta tsare kayan tarihi, ta kuma buɗe wa talaka ƙofa.

Iko ma ya zare. A 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yanci, Firaminista Harold Macmillan, mijin gwaggon Andrew, ya naɗa shi ƙaramin minista a ma'aikatar Commonwealth. Amma a 1999 doka ta kori masu kujerar gado daga Majalisar Lords, aka bar 92.

Dukiya kuwa ba ta zare kamar iko ba. Manyan gidaje sun koyi ajiye ta a hannun amintattu. Da Duke na Westminster na 6 ya rasu a 2016, filayen iyalinsa na Mayfair da Belgravia a Landan suna cikin irin wannan amana, harajin gado na kashi 40 bai hau kansu ba.