Karen Da Ke Sauraren Karatun Yara

Nazarin harshe ne sana'ata, kuma na daɗe ina cin abinci da gyaran kurakuran masu magana da masu rubutu. Sai dai wani abu ya faru a gidana da ya sa na shiga taitayina. Akwai ɗan ƙanena mai shekara tara da ke fama da in'ina, wanda nakan zaunar da yamma ya karanta mini littafi, duk inda ya yi tuntuɓe in tare shi da gyara. Ba a yi wata biyu ba ya fara gudun karatu, da ya hango ni da littafi sai ya sulale. Rannan na iske shi a zaure yana karanta wa kyanwar gidan labari, kusan babu gargada.

Wannan ne ya tuna mini da Boris Levinson, wani masanin halayyar yara a birnin New York na Amurka. An kawo masa wani yaro da ya ƙi sakin jiki da kowa, sai ga yaron yana wasa da karensa mai suna Jingles, har da yi masa magana, kuma ta nan likitan ya samu hanyar kaiwa ga yaron. Da ya bayyana wa abokan aikinsa abin da ya gani, wasu ba'a suka yi masa, amma a 1962 ya buga maƙala a kan batun.

Sannu a hankali abin ya zama aiki mai tsari. A 1976 wata ma'aikaciyar jinya, Elaine Smith, ta kafa ƙungiyar Therapy Dogs International a jihar New Jersey, a 1983 kuma aka kafa Pets As Therapy a Birtaniya. 'Yan sa-kai ne ke kai karnukansu asibitoci da gidajen kula da tsofaffi da makarantu, bayan an jarraba haƙurin kowane kare, an kuma tabbatar da lafiyarsa. A 1999 aka fara wani shiri a Salt Lake City inda yaran da karatu ke ba wuya ke zama a ɗakin karatu suna karanta wa kare littafi. Wani bincike da aka buga a 2015 daga Japan ya nuna cewa idan kare da ubangidansa suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin, mai nasaba da shaƙuwa, yakan ƙaru a jikin dukansu biyu.

Ko shakka babu, kare ba likita ba ne, kuma ba ya warkar da in'ina ko ciwon mantuwa. Abin da yake yi kawai shi ne ya zauna ya saurara, ba ya dariya, ba ya ƙosawa, ba ya katse mai magana. A iliminmu mun san cewa zance ba na mai magana kaɗai ba ne, rabinsa yana hannun mai sauraro. Wanda yake tsoron a kunyata shi, harshensa ne ke fara ƙullewa.

Mai karatu, ba ina cewa mu shigar da karnuka asibitocinmu ba ne. A wurinmu kare na gadi ne da farauta, ga kuma haɗarin ciwon haukan kare da ba mu gama da shi ba. Abin tambaya shi ne, me ya sa har sai an nemo dabba kafin marar lafiya ko tsoho ko yaro mai rauni ya samu mai sauraronsa? Mu da muke tinƙaho da zumunci da gaida marar lafiya, sau nawa muke zama mu bar shi ya gama maganarsa kafin mu yanke shi da wa'azi ko gyara?

Ni dai na koma zama da yaron, amma yanzu nakan kame bakina har ya kai ƙarshen shafi. In'inar tana nan, amma ya daina guduna. Allah Ya ba mu haƙurin sauraro.