Idan fedalin birki yana bugun ƙafa: a binciko dalili kafin a sayi kaya

Yawancin motocin da ke jigilar jama'a bisa babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi ta Dosso, Ƙonni da Maraɗi har Damagaram, tsofaffi ne. Cikin cututtukan da tsufa ke kawo ma mota akwai wata da direbobi suka sani sarai: an taka birki, sai fedali ya riƙa tasowa yana komawa ƙarƙashin tafin ƙafa, kamar bugun zuciya. Wasu direbobi sun saba da abin har sun daina jin shi. Wasu kuwa suna zuwa gareji, a ce musu diski ya lanƙwashe, su sayi sabo, bayan ƴan watanni bugun ya dawo. Na farko suna wasa da rayukan fasinja, na biyu suna zubar da kuɗɗi. Abin da ya kamata shi ne a gano inda cutar take da abin da ya haddasa ta.

Yadda bugun yake samuwa

Birki iri biyu ne. Akwai mai diski, wato faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, wanda takalman birki biyu, da ake kira falaketi, suke matsewa daga gefe da gefe. Akwai kuma mai tambur, wanda ya yi kama da tukunya, takalman suna tura bangonta daga ciki. Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 kuma aka fara haɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar can a 1975, misali ce mai kyau: familiyal da bashe suna da diski a gaba, tambur a baya. Haka tsarin yake ga tsofaffin Toyota Corolla da Starlet da yawa.

Idan kaurin diski bai zama ɗaya ba a duk kewayensa, wurin da ya fi kauri yana tura falaketi baya duk lokacin da ya wuce tsakaninsu. Falaketi su tura man birki, man kuma ya tura fedali. Tambur da ya daina zama da'ira cikakkiya shi ma haka yake yi. Taya tana cin wajen mita 2 a juyi ɗaya, saboda haka mota mai gudun kilomita 72 a awa tana juya tayarta sau 10 cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa bugun yake da sauri idan ana gudu, yana kuma rage sauri yayin da mota ke tsayawa. Bambancin kaurin da ke kawo wannan ƙanƙane ne ƙwarai. A raba milimeta ɗaya kashi 100: kashi 2 ko 3 kaɗai sun isa ƙafa ta ji, alhali silin gashin mutum ya fi haka kauri. Ido ba ya ganin wannan, sai awo.

Binciken da direba zai yi da kansa

A nemi kwalta mai laushi wadda ba kowa bisanta. Da farko a yi gudu ba tare da taka birki ba. Idan mota tana rawa tun a lokacin, laifin yana ga taya: ta kumbura, ko janti ya lotse, ko ba a daidaita nauyinta ba. Idan kuwa sai an taka birki rawar take zuwa, a lura da inda ake jin ta. Sitiyari yana kaɗawa a hannu, to matsalar tana gaba. Kujera da jikin mota ne ke rawa, sitiyari yana tsaye, to a duba baya.

Ga motar da ke da tambur a baya akwai gwaji na biyu. Ana tafiya sannu, kamar kilomita 20 zuwa 30 a awa, sai a ja birkin hannu a hankali, yatsa yana danne da maɓallinsa domin a iya sakin shi nan take. Idan hannu ya ji bugu, tambur ne. Bayan tafiyar kilomita kaɗan kuma, a tsaya a kai bayan hannu kusa da kowace taya, ba tare da an taɓa ƙarfen ba. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta yana riƙewa ko an sake shi.

A kula da abu ɗaya. Motoci da yawa da aka shigo da su daga Turai ta tashar ruwan Kwatano suna da na'urar ABS, wadda kamfanin Mercedes ya fara sa wa manyan motocinsa a 1978. Aikinta ne ta hana taya daskarewa: tana kama birki tana saki sau da yawa cikin daƙiƙa. Idan an taka da ƙarfi bisa rairayi, burji ko gargada, fedali zai yi kaɗawa tare da ƙara. Wannan lafiya ce, kada a ɗaga ƙafa. Amma idan haka tana faruwa bisa busasshiyar kwalta lokacin da mota ta kusa tsayawa, a sa a duba ƙaramin ma'aunin gudun da ke jikin taya, domin tsatsa da ƙura suna ruɗa shi.

Abin da za a nema daga makanike

A ɗaga mota, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, sa'an nan dama da hagu. Idan tana wasa, rulma ko rotil sun ci, kuma sabon diski ba zai warkar da wannan ba. Bayan an cire taya, a auna kaurin diski da ma'auni mai ganin kashi ɗaya cikin 100 na milimeta, a wurare 8 kewaye da shi. A kuma kafa agogon awo a jikinsa, a juya shi da hannu a ga yadda yake karkata. Ga motoci da yawa, karkatar ba ta kamata ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na milimeta ba. Littafin kowace mota yana faɗin nata adadi.

Karkatar nan ita ce uwar cuta. Diskin da bai zauna daidai ba yana gogar falaketi a wuri ɗaya kowane juyi, ko ba a taka birki ba, har wurin ya siraance. Tsatsa ko tsakuwa tsakanin diski da mazauninsa tana kawo ta. Haka nan ɗaure notin taya da ƙarfin tsiya, yaro ya hau bisa sifana yana tsalle, wani noti ya fi wani matsi. Zafi ma yana da nasa laifi. Direban da ya sauko gangaren duwatsun Adar da kaya niƙi-niƙi, ƙafarsa bisa birki, sa'an nan ya tsaya yana danne da fedali, falaketi suna barin shafensu a jikin ƙarfe mai zafi. Motar da ta daɗe a ajiye da damina ita ma diskinta yana tsatsa, ban da wurin da falaketi suka rufe. Wannan sau da yawa yana gogewa bayan an taka birki ƴan lokuta.

Magani

Kowane diski yana da mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, galibi an buga adadin a jikinsa. Idan akwai saura, ana iya share shi da injin sassaƙar ƙarfe. Idan ya kai iyaka, a jefar da shi, domin siririn diski yana saurin zafi kuma yana iya tsagewa. Ana sauya diski biyu-biyu, dama da hagu, tare da sababbin falaketi. A kankare mazauninsa har ya yi haske, a tabbata fistan da sandunan da birki ke zamewa bisansu ba su cije ba, a ɗaure noti ɗaya bayan ɗaya a gicciye da matsi iri ɗaya. A gangare kuma a sa ƙaramin giya, inji ya taimaki birki.

Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 cikin daƙiƙa ɗaya. Birkin da ke kamawa yana saki yana ƙara tsawon tsayawa, a hanyar da amalanke, raƙumi ko yaro ke iya ɓullowa ba zato. Shugabannin ma'aikatu masu kula da motocin hukuma, da masu motocin haya, su saurari direba ranar da ya kawo wannan kuka, su kuma tambayi makanike abin da ya auna kafin su biya kuɗɗin kaya.