Katifar da Ke Jin Sanyi da Zafi

A hunturun bara na je Roni gaishe da wani baffana, na tarar da shi yana faɗa da wata 'yar katifa. Ɗansa ne ya aiko masa da ita daga Abuja, kaurinta bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, aka ce a shimfiɗa masa a kan katifarsa saboda ciwon baya. Bayan mun gaisa sai ya nuna ta da sanda ya ce, "To Dakta, ku da kuka yi boko, zo ka faɗa mini ko mene ne wannan. Lokacin da aka kawo ta da kaka laushi gare ta kamar tuwo. Yanzu in na kwanta sai in ji kamar a kan dutsen garin nan nake." Na ce, "Baffa, Allah ya ja kwana, a dakata bazara ta zo, za a ga wani abin kuma." Da watan Afrilu ya kama sai ga saƙonsa, wai katifar ta koma kunu, kuma tana dafa shi.

Baffa bai yi ƙarya ba, ba a kuma cuci ɗansa a kasuwa ba. Halin wannan soso ke nan. 'Yan kasuwa suna kiransa memori, mu kuwa a nan za mu kira shi soso mai riƙe sawu, domin idan ka danna shi da tafin hannu ka ɗauke, sawun hannun yakan ɗan jima kafin ya shafe. Tun da ya fara shiga kayan ɗakin amare da ɗakunan marasa lafiya a ƙasar Kazaure, ya kamata ɗalibi ya san abin da ke cikinsa.

Asalinsa

Kakanninmu sun kwana a kan tabarmar kaba da buzu da gadon kara. Masu hali suna ɗinka katifa su cusa mata auduga ko audugar rimi, wadda zarenta rami gare shi a ciki kamar bututu, ga shi ba ya shan ruwa, har Turawa suka daɗe suna cusa ta cikin rigunan ceton masu nutsewa a teku. Katifar soso baƙuwa ce. A shekarar 1937 wani masanin haɗa sinadarai na Jamus, Otto Bayer, ya ƙirƙiro sinadarin foliyuretan. Idan aka haɗa sinadaransa guda biyu da ɗan ruwa, iskar kabon dayoksaid takan taso ta kumbura haɗin, kamar yadda yis ke kumbura ƙullin fanke, sa'an nan ya daskare da dubban ƙananan ramuka a ciki. Wannan shi ne soson da muka sani, wanda kamfanoni irin su Vitafoam, da aka kafa a 1962, da Mouka, wanda ya faro a Kano a 1959 da ƙera gadajen ƙarfe, suka shigar da shi gidajenmu.

Soso mai riƙe sawu ɗan gidan nan ne, sai dai an sauya masa haɗi. A 1966 wani injiniya mai suna Charles Yost ya samar da shi a wani aiki na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, domin kujerun jiragen sama su riƙa shanye jijjiga da bugu. Sai a 1991 wani kamfani na ƙasar Suwidin ya fito da shi kasuwa a matsayin katifa da sunan Tempur. A lura da ƙasar da aka fara sayar da shi, domin a nan gizo ke saƙa.

Soson da muka saba da shi kamar roba yake: ka danna, ya mayar maka da martani nan take. Wannan kuwa yana tsakanin roba da zuma. Yana lotsawa a hankali, yana dawowa a hankali, kuma saurinsa ya danganta da ɗumi. Zaren sinadarin da aka gina shi da su sukan sandare idan sun ji sanyi, su saki jiki idan sun ji zafi, kamar dai man kaɗanya da ke daskarewa da hunturu ya narke da bazara. Masu ƙera shi sun daidaita shi ne da ɗakin da ɗuminsa ke kusa da digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan ɗaki, wurin da jikin mutum ya taɓa ne kaɗai ke yin laushi, sauran ya tsaya da ƙarfinsa ya tallafe shi. A Roni kuwa daren hunturu kan sauka ƙasa da digiri 15, rana a watan Afrilu kan haura 40, ɗakin kwano kuma ya kwana yana amayar da zafin da ya sha. Abin da Baffa ya ji ke nan, dutse da kunu.

Amfaninsa, da inda ya gaza

Nauyin mai kwance ba ya sauka daidai a kan shimfiɗa. Yana taruwa ne a ƙeya da kafaɗu da ƙugu da dugadugai, inda ƙashi ke kusa da fata. A cikin fatar akwai ƙananan jijiyoyin jini waɗanda suka fi gashi siranta, kuma tun 1930 Eugene Landis ya auna ƙarfin jinin da ke shiga cikinsu ya samu kimanin milimita 32 na ma'aunin zaiba, alhali na babbar jijiyar hannu, wanda ake aunawa a asibiti, yana wajen 120. Ke nan danni kaɗan ya isa ya toshe su. Lafiyayye yakan juya cikin barci ba tare da ya sani ba, jini ya koma. Wanda shanyewar ɓarin jiki ko karaya ko tsufa ya kwantar ba ya iya juyawa, sai naman wurin ya mutu, gyambon kwanciya ya fito. Duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan gyambo ya san ba ƙaramin abu ba ne, yana iya kaiwa har ƙashi. A nan ne wannan soso ya fi cancanta, domin yana bin siffar jiki ya raba nauyin a kan fili mai faɗi. Amma ko an shimfiɗa shi, wajibi ne a ci gaba da juya majinyaci, kamar bayan kowace awa biyu, ana duba fatarsa.

Game da ciwon baya, maganar ba ta kai yadda 'yan talla ke yi ba. Wani bincike da aka yi a Sifen aka buga a mujallar Lancet a 2003, a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, ya nuna waɗanda suka kwana a kan katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan masu katifa mai tauri sosai. Saboda haka 'yar shimfiɗar nan tana iya gyara katifar da ta cika tauri. Katifar da ta riga ta yi kwarmi a tsakiya kuwa ba ta gyaruwa da ita, shimfiɗar za ta bi kwarmin ne kurum.

Babbar matsalarsa a wurinmu ita ce zafi. Kafin barci ya yi nauyi, dole ɗumin cikin jiki ya ɗan sauka, kuma a ƙasa mai zafi jiki na yin haka ne ta hanyar gumi da iska ke busarwa. Soson nan yana rungume mutum, ya rage fatar da iska ke taɓawa, ramukansa kuma suna matsewa a ƙarƙashin nauyi su hana iska ratsawa. Akwai masu ɗigon wani sinadari mai kama da kamu da ake cewa yana sanyaya jiki. Gaskiya ne yana ba da sanyi a farkon kwanciya, amma da ya ɗauki ɗumin jiki shi ke nan. A ganina, ga lafiyayyen mutum a daren bazara da babu wutar lantarki, har yanzu ba a ƙera abin da ya fi tabarmar kaba a tsakar gida ba, in dai da gidan sauro.

Yadda za a zaɓa

Kada kauri ya ruɗi mai saye. Santimita 5 zuwa 7 ta wadatar, wadda ta fi haka sai dai ta ƙara nutsewa da zafi. Abin dubawa shi ne nauyin soson gwargwadon girmansa, domin shi ne ke nuna ko sinadari ne a ciki ko iska. Mai kyau yakan kai kilo 50 a kowace mita mai fuska shida, wato tsawo da faɗi da tsayi duk mita ɗaya. Ga lissafi ga ɗaliban aji huɗu: shimfiɗa mai ƙafa 6 da ƙafa huɗu da rabi tana da tsawon mita 1.83 da faɗin mita 1.37. Idan kaurinta santimita 5 ne, girmanta ya kama kusan 0.125, a ninka da 50, an sami kilo 6 da ɗan ɗori. Wadda aka ɗora a sikeli ta ba da kilo 3 ba za ta daɗe ba za ta kwanta. A nemi mai riga da ake iya cirewa a wanke. Ta gwanjo kuwa a bar ta inda take, don babu wanda ya san abin da ta kwaso.

Katifa ma gari ce

Ga masanin halittu, katifa mazauni ce mai ɗumi da danshi da abinci. Kowane dare muna zubar mata da gumi da ɓarɓashin matacciyar fata. Wannan ɓarɓashi shi ne abincin ƙwaron ƙura, wata halitta mai ƙafa takwas, 'yar uwar kaska da ƙwaron ƙazwa, wadda tsawonta bai wuce sulusin milimita ba. Ba ta cizo. Kashinta ne ke tayar da asma da atishawa ga masu wannan lalura, kuma wasu masu bincike na Leiden a ƙasar Holan ne suka gano alaƙar ƙwaron da lalurar a 1964. Abin sha'awa game da ita shi ne ba ta shan ruwa, daga laimar iska take tsotsarsa. Don haka hunturu yana karkashe ta, damina kuma ta hayayyafa. A daminar ne kuma fumfuna ke kama ƙasan soson da aka shimfiɗa a kan siminti, inda gumin da ya ratsa ya rasa hanyar fita.

Kuɗin cizo, wanda ɗaliban makarantun kwana ba sa bukatar a gabatar musu da shi, ba ya huda soso ya zauna a ciki. Yana ɓuya ne a ɗinkin riga da mahaɗar katakon gado da tsagar bango, ya fito da dare. A can ake yaƙarsa. Ina roƙon iyaye da malaman kula da ɗakunan kwana da su daina zuba fiya-fiya a kan katifa. Guba ce ta gona da ke shiga jiki ta fata da numfashi, soso kuwa yana shanye ta ya riƙa sakinta a hancin mai barci.

A nan ne al'adarmu ta shanya katifa a rana ke bukatar gyara. Ga katifar auduga ko ta rimi, shanyawa da bugu da sanda daidai ne. Shi foliyuretan, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani yana tsinka zarensa, ya yi rawaya, ya soma marmashewa. Kuma da yake soso ba ya barin zafi ya ratsa shi, kuɗin cizon sai ya lallaɓa ya koma ƙasa inda ke da sanyi. Rigar da zanen gado su ne za a wanke da ruwa mai zafin digiri 60 a shanya a rana, wannan yana kashe ƙwaron ƙura da kuɗin cizo har da ƙwansa. Shi kuwa soson a jingine shi a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ba a jiƙa shi, ba a matse shi, domin yana yagewa idan ya sha ruwa, kuma cikinsa kan yi kwanaki bai bushe ba. Idan yaro ya yi fitsari, a danne wurin da busasshen tsumma har ya tsotse, a goge da ɗan ruwan sabulu, a bar shi ya sha iska. Sabo kuma a buɗe shi kwana biyu ko uku warin masana'anta ya fita. Lokaci-lokaci a mayar da wajen kai wajen ƙafa.

Haɗari biyu

Na farko wuta. Soso ɗan man fetur ne, yana kamawa da sauri, hayaƙinsa kuma yana ɗauke da kabon monoksaid da hayidurojin sayanaid, waɗanda ke iya sumar da mai barci tun harshen wuta bai iso gare shi ba. Kaskon garwashi da hunturu, kyandir, da maganin sauro mai hayaƙi, duk a nisanta su daga gado.

Na biyu shi ne ya fi damuna, domin shimfiɗar da aka saya wa amarya bana, baɗi jariri ne zai kwanta a kai. Jariri ba shi da ƙarfin wuyan da zai ɗaga kai. Idan ya kife a kan soson da ke bin siffar fuska, hanci da baki sukan nutse, ya riƙa shaƙar iskar da ya fitar, ba tare da ya yi kukan da zai ta da uwarsa ba. Tun 1992 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta hana kwantar da jarirai rub da ciki, kuma shawararta a yau ita ce a kwantar da su rigingine a kan shimfiɗa mai tauri wadda ba ta lotsawa, har su cika shekara ɗaya. Da yake a gidajenmu mai jego da jaririnta gado ɗaya suke kwana, to a ɗauke wannan soso daga gadon tun ranar haihuwa.

Shi dai Baffa mun daidaita da shi. Daga watan Maris ake naɗe masa ita kamar tabarma, ba a ninke ta, a sa cikin tsohon zane a ɗora a kan akwati. Da kaka a shimfiɗa. Da hunturu kuma jikarsa takan rufa mata bargo tun magariba, shi kuma ya yi haƙurin mintocin farko kafin ɗumin jikinsa ya tausasa ta.