Masu Bin Sawun Mutanen Dā a Gandun Dajin Amurka

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu duba wani aiki da ba mu saba jin labarinsa ba, amma akwai abin koyo a cikinsa.

A ƙasar Amurka akwai hukumar gandun daji da aka kafa a 1905, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Gona. Ƙasar da take lura da ita ta kai eka miliyan 193. A 1966 aka yi doka cewa kafin gwamnati ta taɓa wata ƙasa, ko don sare itatuwa, ko fitar da hanya, sai an fara bincika ko akwai kufai ko kayan tarihi a wurin. Wannan doka ce ta haifar da aikin ƙananan ma'aikatan binciken kayan tarihi.

Su wane ne ake ɗauka? Yawanci matasa ne da suka karanta ilmin a jami'a, suka kuma yi horon 'yan makonni a filin haƙa. Aikin na ɗan lokaci ne, ba ya wuce awa 1,039 a shekara, wato kimanin wata shida. Aikin gwamnatin tarayya kuwa na 'yan ƙasar ne, don haka kada wani ya karɓi kuɗin ɗanku da sunan zai samo masa shi. Ba shi da tabbas ma: a 2024 hukumar ta sanar cewa a shekarar kuɗi ta 2025 ba za ta ɗauki ma'aikatan ɗan lokaci ba sai masu kashe gobara.

Ga yadda suke yi. Sukan jeru kamar masu gayya, tsakanin kowa da ɗan'uwansa mita 15 zuwa 30, su yi ta tafiya ido a ƙasa. Inda ganye ya rufe ƙasa, sai su haƙa ƙaramin rami da shebur, su tace ƙasar da rariya, su duba abin da ya rage, sa'an nan su mayar da ƙasar. Suna neman tsingaro, da kan kibiya na dutse, da tushen gini, har da tsoffin gwangwanaye, gama abin da ya wuce shekara 50 akan lissafa shi. In sun ga abu, sai su auna wurin, su ɗauki hoto, su sa shi a taswira, su rubuta. Sau da yawa a nan suke barinsa, sai a ɗaura ƙyalle a itatuwa don motar katako ta kauce.

Me ya sa ba sa kwashewa? Domin wurin da abu yake kwance shi ne shaidarsa. Zurfinsa, da gawayin da ke kusa da shi, su ne ke faɗin shekarunsa. In an tsince shi an sa a aljihu, labarin ya ɓata ke nan. Shi ya sa dokar 1979 ta tanadi tara da ɗauri ga mai haƙa ba da izini ba.

To, ina ruwanmu? Mu ma ƙasarmu cike take da irin wannan. A 1928 masu haƙar kuza suka tono gunkin yumɓu a ƙauyen Nok, a kudancin Kaduna. A 1987 wani Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai shekara wajen 8,000. Amma kufan Nok da yawa masu haƙar sata sun riga sun lalata su don sayar wa 'yan kasuwa. Manomi yakan sami ɗan abin kashewa, gonarsa kuwa ta zama ramuka.

Saboda haka, in fartanya ta tono muku wani abu, ku dakata. Kada ku wanke shi, kada ku ƙara haƙa. Ku sa alama a wurin, ku gaya wa mai unguwa da shugaban ƙungiyarku, su kai labari gidan tarihi mafi kusa, kamar na Jos ko na Kaduna. Doka ta hana sayar da irin waɗannan kaya ga kowa sai wanda gwamnati ta ba izini. A taronku na gaba ku tattauna wannan, ku zaɓi mutum ɗaya da za a riƙa kai wa rahoto.