Daga Kibiya Zuwa Ƙofar Jirgi

Jirgin da ya tashi daga Kano yakan sauka Abuja cikin kamar awa ɗaya. Amma mutumin Kibiya mai tikitin wannan jirgi, tun bayan sallar asuba yake tasha, jaka a cinya, ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum biyu. Direba ba ya tashi sai mota ta cika, kuma ba a ga laifinsa ba, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kujera ɗaya babu mutum asara ce. Daga nan a bi ta Rano da Bunkure, a hau titin Zariya a Karfi, a shigo birni ta kudu, a sauka wajen Unguwa Uku. Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano kuwa yana can arewa, bayan Sabon Gari. Sai fasinja ya keta gari gaba ɗaya a A Daidaita Sahu, tun da an hana acaɓa a shekarar 2013, ya sauka daga wannan ya hau wancan, ko ya yi cinikin shata da mai babur ɗin da ya riga ya gane sauri yake yi.

Wannan ɗan guntun na ƙarshe shi ne wurin gyara. Kano tana buƙatar bas mai tashi a kan lokaci daga Unguwa Uku zuwa filin jirgi, ta cika ko ba ta cika ba, da kuɗin da kowa ya sani da wurin ajiye kaya. Tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano, filinta kuma shi ne mafi daɗewa a Najeriya. Yau har sunan Rano yana jikin jirage, tun da kamfanin Rano Air ya fara jigila a 2023. Abuja ta kai jirgin ƙasa filin jirginta a 2018. Bas ba ta kai wannan tsada ba.

Za a ce mai kuɗin jirgi ba ya rasa kuɗin tasi. Haka ne ga ɗan kasuwan Kwari da ke zuwa Legas kowane wata. To amma ɗalibin da dangi suka haɗa wa kuɗin tikiti fa, ko mara lafiyar da aka sayar da buhunan masara don a kai shi asibiti? Ga 'yan rakiya, don mu ba ma barin namu ya tafi shi kaɗai, balle mai tafiya Umara. Ga masu shara da masu gadi da leburorin kaya da ke zuwa aiki filin kullum, waɗanda yawancinsu ba su taɓa hawa jirgin ba.

Wasu kuma tsoronsu kada bas ta riƙa yawo babu kowa. Ai ba fasinjan jirgi kaɗai za ta ɗauka ba. Hanyar ta ratsa Dangi da bakin Sabon Gari, inda jama'a ke tsaye a rana suna neman abin hawa. Masu A Daidaita ma ba za su rasa abinci ba, don bas ba ta shiga lungu. Abin da ba za su iya yi ba shi ne su tabbatar wa mutumin Rano cewa idan ya iso Unguwa Uku ƙarfe takwas, zai kasance a layin awon kaya kafin a rufe.