Samudawan Zamfara da na Turai

Ya kai mai karatu, in kai mutumin Bagega ne ko Anka, watakila ka ji tsofaffi suna cewa sarakunan Zamfara na farko, su Dakka, samudawa ne. A Dutsi suka zauna, cikin ƙasar Zurmi, har akwai waɗansu tuddai can da ake cewa kaburburansu ne.

To, kada ka zaci mu kaɗai ke da irin wannan labari. Mutanen arewacin Turai ma, kafin su shiga addinin Kirista, sun ce akwai samudawa. Sai dai namu sarakuna ne, nasu kuwa abokan gaban gumakansu ne. Babban mai yaƙarsu shi ne Tor, gunkin aradu. Makaminsa guduma, bunsuru biyu ke jan karusarsa, in an yi tsawa sai a ce ita ke wucewa.

Wani mutumin tsibirin Aislan, Snorri Sturluson, ya rubuta labarun nan wajen 1220, an riga an daɗe da barin bautar. Amma sunan Tor bai ɓace ba, don da shi Ingilishi ke kiran ranar Alhamis har yau.